Zare Biyu a Madubin Bindiga

Ranar Litinin da hantsi na tsinke zaren. Ban ji wata ƙara ba, domin abin da bai kai kaurin gashin jariri ba ba shi da ƙarar da zai yi. Na dai zaro burushina daga cikin bututun, na kai ido, sai na ga fili fari fat. Layin tsaye ya tafi, na kwance ya tafi, sai wani ɗan siririn abu da ke reto a gefe. Na ajiye burushin a kan tebur, na yi salati, na sake leƙawa ko idona ne. Ba idona ba ne.

Ni ce mai kula da tsofaffin makamai a gidan adana kayan tarihin soja, kuma a shekara goma sha ɗaya da na yi a wannan aiki ban taɓa lalata ko maɓallin riga ba. Bindigar da nake magana a kanta tana cikin kabad na huɗu daga ƙofa. Doguwa ce, irin ta tsohon yaƙi, wadda sai an ja ƙarfenta da hannu bayan kowane harbi. Katakonta ya yi duhu a inda kumatu ke kwanciya. An daɗe da toshe bakinta da dalma, an cire mata allurar da ke dukan harsashi, ba za ta sake cutar da kowa ba. A gadon bayanta akwai madubin hangen nesa, baƙin bututu da ke jawo abu kusa ninki huɗu. Irin wannan bindiga ba kowane soja ake ba ba, sai gwanin da ke kwanciya shi kaɗai a ɓoye yana jiran mutum ɗaya. An buga lambar bindigar a jikin ƙafar madubin, don kada a ɗora shi a kan wata. Baba kan ce aure aka ɗaura musu, kuma irin wanda ba saki.

A cikin madubin akwai wani ƙaramin zoben tagulla, a kansa zare biyu sun gitta juna. Inda suka haɗu, nan harsashi ke zuwa. Su ne na tsinke.

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin gyaran makamai. Bai taɓa harbin mutum ba. Madubai yake gyarawa. Lokacin yaƙi, da siririyar wayar da ake saka wa madubi ta yanke, sai wani tsoho mai gyaran agogo ya koya masa yin amfani da zaren gizo-gizo, wanda ya fi waya siranta kuma ba ya jin girgizar harbi. Daga nan sojoji suka laƙaba masa Sajan Gizo-gizo, sunan ya bi shi har ya yi ritaya. Ni kuwa da na taso, aikin ya riga ya wuce. Labarinsa kawai na ji, kuma, in faɗi gaskiya, da rabin kunne.

Yau shekara shida ke nan da mantuwa ta kama shi. Yana zaune a gidan Yaya. Ni, wadda ya saba kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa da aka sa mini, na koma Malama. Yaya ya koma Direba. Hannuwansa kuma suna rawa, har sai rabin kofi ake zuba masa shayi.

Amma akwai Alhamis. Shekara huɗu da suka wuce Yaya ya biyo da shi wurin aikina daga asibiti, don kawai ya huta a inuwa. Ya tarar na fito da bindigar ina goge ta. Ya tsaya, ya karanta lambar da ƙarfi, ya ce, "Ta Kurma ce." Haka suke kiran sojan da ya riƙe ta, saboda rashin maganarsa. Na ɗora ta a kan madogarinta ta fuskanci taga. Baba ya zauna, ya kai ido, ya sa mahaɗar zaren a kan mataki na uku na tsanin tankin ruwa da ke can ƙarshen fili. Ya daɗe a haka. Sannan ya yi istigfari sau uku, ya ɗago, ya dube ni, ya ce, "Uwata, kin rame. Ina yaran?"

Awa guda muke samu, wani lokacin da 'yan mintuna a kai. Yakan tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Yaya faɗa a kan tuƙin ganganci, ya yi wa Inna, mahaifiyarmu, addu'a da sanin cewa ta rasu. Kafin su isa gida ya koma. Likita ya ce ba shi da bayani, mu dai gode wa Allah. Mun gode. Duk Alhamis da safe, ba tare da kowa ya gaya masa ranar ba, Baba zai sa hularsa ya zauna a bakin ƙofa.

Sau da yawa ya ce mini, "Zarena ne a ciki. Ni na sa shi." Amma katin bindigar, wanda aka buga da tafireta tun kafin a ɗauke ni aiki, cewa ya yi zaren saiti waya ne. Likita kuma ya gargaɗe mu cewa mai wannan ciwo kan gauraya abin da ya faru da wanda bai faru ba. Don haka da fumfuna ta fara cin gilashin ciki bayan damina, na buɗe madubin, na sa burushi kamar yadda aka koya mana a yi wa waya. Na gaskata kati, na bar maganar mahaifina.

Na sami Darakta a ofishinsa yana cire tabarau yana mayarwa. Mutum ne mai kirki, sai dai kirkinsa a cikin fayil yake.

"Ki rubuta rahoto," in ji shi. "Za mu aika a kawo mana gilashi mai zanen layi a jiki. Wata biyu, in an yi sa'a."

"Ranka ya daɗe, ba shi ne na asali ba."

"To, wa zai leƙa? A cikin kabad take, an rufe bakin madubin da fata. Baƙi katako suke kallo."

"Mahaifina zai leƙa. Gata, ranar Alhamis."

Ya san zancen Alhamis. Shi ne ma ya ba da izini. Ya ce, "Kayya. Ki yi abin da za ki iya, Hajiya. Amma ki rubuta rahoton."

Na kira Yaya a waya daga baranda. Da na gama bayani sai ya yi wata dariya mara daɗi.

"Digiri biyu, kin rasa abin da za ki share sai zaren Baba?"

"Yaya, don Allah."

"To ki cire gashin kanki ɗaya ki manna mana. Ai kina da shi da yawa, ba kamar ni ba."

"Gashi a cikin madubin nan kamar gungumen itace zai fito."

"Sai mu ce masa an rufe wurin wannan makon."

"Ka manta lokacin gyaran rufi?"

Bai manta ba. Alhamis biyu Baba ya rasa a lokacin, ya yi wata guda bai ce uffan ba, abinci ma sai da lallashi. Yaya ya ja numfashi, ya ce, "Ki zo gida ki tambaye shi. Wa ya sani."

Na tashi aiki da wuri. A ƙarƙashin gadon Baba akwai wani tsohon gwangwanin biskit da Inna ta hana a zubar. Na buɗe shi a gabansa. A ciki akwai 'yar gwafa ta waya mai baki biyu, da allura da aka soka a jikin ɗan itace, da dunƙulen kakin zuma, da kwalbar danƙo da ya bushe ya zama dutse. Baba yana zaune a kujerarsa, hasken la'asar ya faɗo a kan gwiwoyinsa.

"Baba, yaya ake ɗebo zaren?"

"Sannu da zuwa, Malama. An ba ki wurin zama?"

"An ba ni. Wannan gwafar fa, ta mece ce?"

Na sa masa ita a hannu. Yatsunsa suka kama ta daidai, babban yatsa a ƙasa, suka fara juya ta a hankali kamar mai naɗe wani abu a iska. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gizo-gizon, ba ta ɗaki ba. Ta ɗaki ƙazama ce. Macen lambu, mai zane a baya."

"Sai me, Baba?"

"Kada a ba ta abinci. Mai ƙoshi zarenta da datti."

"Sai me kuma?"

Gwafar ta fara kaɗawa a hannunsa, ta faɗi a kan tabarma. Ya bi ta da kallo, ya ɗago ya ce, "Malama, Direban nan bai zo ba? Inna tana jirana."

Na zauna da shi har aka kira magariba, na sake tambaya ta hanya biyar ko shida. Ban ƙara samun komai ba.

Da safiyar Talata na nemi mai lambun wurin aikinmu, dattijo ne mai bakin barkwanci. Da na gaya masa abin da nake so, sai ya jingina da tsintsiyarsa ya kalle ni sama da ƙasa.

"Hajiya, shekara ashirin ana zagina in an ga yana a bango. Yau kuma mai yanar ake nema? Albashi za a sa mata?"

"Baba mai lambu, da gaske nake."

"Ai na ga da gaske kike. Sai dai kin makara. Watan jiya aka yi feshin sauro, ko ƙuda sai da ya yi ƙaura."

Duk da haka ya ajiye tsintsiya. Muka bi shingen furanni, muka leƙa ƙarƙashin manyan bindigogin da ke tsakar fili, muka shiga rumfar tsofaffin motocin yaƙi. Yanar gizo-gizo muke gani ta bushe, babu masu ita. Sai wajen azahar, a bayan tankin ruwa inda feshin bai kai ba, ya tsaya ya nuna da haɓa. Guda biyu ne, kowace a tsakiyar saƙarta, da zane fari a baya. Ya sa su a kwalba biyu, ya huda murfin da ƙusa.

"Ga amarenki," ya ce. "Allah ya ba da zaman lafiya."

Na ajiye su a kan taga a ɗakin gyara, ban ba su komai ba. Na yi musu uzuri a zuciyata, na nemi gafarar Allah a kan yunwar da na sa su. Ban sani ba ko kwana ɗaya ya isa. Kwana ɗaya nake da shi.

Ranar Laraba na kulle ƙofa, na kashe fanka, na toshe ƙasan taga da tsumma. Na fitar da zoben tagullar na ɗora shi a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. A gefensa akwai tsagi huɗu, sirara ƙwarai, inda zare ke kwanciya. A cikin kowane tsagi na ga ɗigon danƙo mai ruwan zuma, ƙarami kamar ƙwayar yashi, huɗu duk girmansu ɗaya. Aikin hannun Baba ne, lokacin da bai kai shekaruna na yanzu ba. Sai da na kankare su kafin in fara, kuma wannan ya fi tsinke zaren yi mini zafi.

Na ɗora gizo-gizo ta farko a kan fensir na girgiza. Ta saki jiki ta sauko a kan zarenta, na kai gwafa, amma na yi gaggawa. Zaren ya yanke, ta faɗi ƙasa ta shige bayan kabad, ban sake ganinta ba. Ta biyun na bi ta a hankali. Ta sauko, na kama zaren da bakin gwafa, na riƙa juyawa kamar yadda na ga yatsun Baba sun yi, ita tana sauka ni ina naɗewa. Da ta gaji ta naɗe ƙafafu ta ƙi motsi, ina da zare shida a tsakanin bakin gwafar, kowane sai an karkata shi ga fitila ake ganinsa.

Na farko ya tsinke tun kafin ya taɓa zoben. Na biyu ya kwanta a wajen tsagi, da na taɓa shi da allura ya narke kamar ba a yi shi ba. Na uku numfashina ne ya ɗauke shi. Na tashi na yi alwala, na yi sallar azahar, na daɗe a zaune bayan sallama ina kallon tafin hannuna. Na huɗu danƙo ya yi masa yawa, ya ja shi gefe. Na biyar ya kwanta. Na ɗiga danƙo nan da can, na janye hannu, na ƙi ko haɗiyar yawu. Ya zauna. Na kwance ya samu.

Saura ɗaya a gwafa, saura na tsaye. Na ɗaga hannu sau uku ina mayarwa. Idan na kuskure, ba shi kaɗai zai tafi ba, zai iya jan ɗan'uwansa. Na sake ɗora gizo-gizon a kan fensir, na roƙe ta kamar mai jin magana, ta ƙi ba da ko taƙi ɗaya. Mai gadi ya ƙwanƙwasa ya ce lokacin rufewa ya yi. Na ce a raina gobe da sassafe, da sabon hannu.

Ban samu sassafen ba. Ina ajiye jaka Yaya ya kira ya ce suna hanya, Baba ya sa hula tun bayan asuba ya ƙi karyawa. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina duban zoben da gwafar. A ƙarshe na mayar da zoben cikin madubi da zarensa ɗaya, na ɗaure, na ɗora bindigar a kan madogari ta fuskanci tanki. Na ce wataƙila rabi ya isa ya buɗe masa ƙofar.

Yaya ya shigo riƙe da gwiwar hannunsa. Ya tambaye ni da ido, na girgiza kai kaɗan. Baba ya ce, "Ina kwana, Malama," ya wuce kai tsaye ya zauna. Ya karanta lambar. Ya kwantar da kumatunsa a kan duhun katakon, ya rufe ido ɗaya.

Agogon bango ya yi ta tafiya. Ban ji istigfarin ba.

"Na tsaye fa?" in ji shi, idonsa na cikin madubi.

Na durƙusa a gefen kujerarsa. "Ni na tsinke su, Baba. Ranar Litinin. Katin ya ce waya ce, na sa burushi."

Ya ɗago a hankali. Idanunsa sun washe fiye da yadda na taɓa gani a shekara shidan nan.

"Kati," ya ce. "Wanda ya rubuta katin ya taɓa buɗe madubi a rayuwarsa? Littafin kamfani ya kwafa. Uwata, sau nawa na gaya miki?"

"Da yawa, Baba."

"To wannan na kwancen, wa ya sa?"

"Ni ce."

Ya sake leƙawa. "Ya yi ciki kamar igiyar shanya. Kin hura masa hucin baki kafin ki ɗiga danƙo?"

"A'a."

"Kin rataya masa kaki a gefe biyu ya miƙe?"

"Ban san amfanin kakin ba."

"Kin raba shi? Wannan biyu ne a manne, shi ya sa ya yi kauri. Da allura ake raba su." Ya kaɗa kai, amma bakinsa da alamar murmushi. "Amma ya shiga tsagi. Kai, Babban Banza, ka ga ƙanwarka ta sa zare a tsagi? Kai ko zaren wandonka sai an zura maka."

Yaya, wanda ya shekara shida bai ji wannan suna ba sai ranar Alhamis, ya yi dariya hawaye na zubo masa. "Na ji, Baba. Ni dai tuƙi na iya."

"Shi ma ba ka iya ba." Ya miƙo mini hannu. "Kwance shi. Kawo gwafar. Akwai saura?"

"Ɗaya."

"Ɗaya ya isa."

Hannun da ya miƙo yana kaɗawa kamar ganye a iska, shi kuma bai ma dube shi ba. Na kalli Yaya. Yaya ya matso ya rage murya. "Baba, ka faɗa mata kawai, ita ta sa. Ka huta."

"Ba a faɗar wannan. A hannu yake." Ya juyo gare ni. "Uwata, ina jira."

Na san abin da zai faru, Yaya ma ya sani. Amma shekara shida ke nan mahaifina bai umarce ni da komai ba da sanin ko ni wace ce. Ban ga ta inda zan fara cewa a'a ba. Na kwance madubin, na fitar da zoben, na ɗora shi a ƙarƙashin fitila. Na mulmula kaki ƙanana biyu kamar yadda ya ce. Yana ta bayani da sauri, yadda ake karkata gwafa, yadda ake sauke gefe ɗaya kafin ɗaya, yadda ake jira danƙo ya yi yauƙi. Babu alƙalami kusa da ni. Na yi ta maimaitawa a zuci ina tsoron kada kalma ta zube.

Ya karɓi gwafar, ya yi bisimilla. Sai a lokacin ya ga bakinta na rawa. Ya ɗaure fuska kamar wanda wani ke girgiza masa tebur. Ya kama wuyan hannun damansa da hagu, ya dafa gwiwar hannu a kan katako, ya riƙe numfashi. Rawar ta ragu. Wallahi ta ragu, har na fara sa rai. Ya sauko da gwafar a hankali, zaren ya ƙyalla a hasken fitila, ya kusa tsagin sama. Sai hannun ya fizga sau ɗaya. Bakin gwafar ya daki zoben, zoben ya juya a kan tebur ya tsaya.

Ban buƙaci gilashin ƙara girma ba. Duka biyun sun tafi.

Baba ya ajiye gwafar, ya buɗe tafukansa a ƙarƙashin fitila yana kallonsu suna rawa.

"Tun yaushe?" ya ce.

Yaya ya ce, "Baba, gajiya ce, ba ka karya ba."

"Ba kai na tambaya ba. Uwata, tun yaushe?"

"Shekara shida."

"Shida." Ya juya hannuwan ya duba bayansu. "Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Mun gaya maka, Baba."

Ya dube ni, ya dubi Yaya, na ga lokacin da ya gane sauran abin da ban faɗa ba. Ya ce, "Sau da yawa ke nan."

Ya yi istigfarinsa sau uku, a hankali, ya ƙara da cewa, "Mutum nawa suka bi ta kan zaren nan, Allah kaɗai ya sani. Wataƙila gara haka." Ya dafa kafaɗata ya miƙe. "Kada ki yi kuka, ba ke kika tsinke na ƙarshen ba. Kai, kai ni gida."

Bai tambayi yaran ba. Yaya ya ce tun kafin su fita daga harabar ya koma kiransa Direba.

Na rubuta duk abin da na iya tunawa a bayan takardar rahoto kafin in tashi daga wurin. Mai lambu ya sake samo mini uku a bayan tanki, bai yi barkwanci ba wannan karon. Na raba zare da allura, na rataya kaki, na hura huci. Na ɓata fiye da talatin. A rana ta goma sha tara na kai ido na ga layi biyu sirara, a miƙe, sun gitta juna a kan mataki na uku na tsanin tanki. Na yi sujada a nan ƙasan ɗakin gyara.

Alhamis biyu sun riga sun wuce a lokacin, kuma a cikinsu Baba bai nemi hularsa ba. Ba ya tuna abin da ya faru. Na gwada shi, babu komai. Amma safiyar Alhamis ta zama kamar kowace safiya. A ta uku Yaya ya sa masa hular da kansa ya kawo shi. Ya zauna a kujerar da ladabi, hannuwansa a ɓoye cikin aljihun riga. Na nuna masa lambar, bai karanta ba.

"Baba, leƙa ka gani. Na sa duka biyun. Na raba, na hura."

"Sannu da ƙoƙari, Malama."

"Ta Kurma ce. Ka leƙa sau ɗaya kawai."

Na matso da madogarin har katakon ya kusa taɓa kumatunsa. Ya kawar da fuska wajen bango, a hankali, kamar yadda yake yi in an kawo masa maganin da ba ya so.

"Kayan mutane ne," ya ce. "Kada in ɓata."

Yaya ya fita baranda. Ni na tsaya riƙe da madogarin, ban san tsawon lokacin ba. Mun sake gwadawa Alhamis huɗu bayan wannan, sannan matar Yaya ta ce muna wahalar da shi, kuma gaskiya ta faɗa.

Darakta ya sa hannu a rahoton, ya soke odar gilashin, ya ce aikin ya yi kyau. Na saki gizo-gizon ukun a bayan tanki. Na zaro katin daga akwatinsa, na ja layi a kan kalmar waya, na rubuta zaren gizo-gizo a samanta da alƙalami. A ƙasan katin akwai gurbin da aka tanada don sunan wanda ya yi gyara na ƙarshe. Na daɗe alƙalamin na kan gurbin. Daga bisani na mayar da katin haka nan, na rufe bakin madubin da fatarsa, na kulle kabad na huɗu, na tafi gidan Yaya, domin lokacin shayin Baba ya yi, kuma yanzu sai an riƙe masa kofin.